Kwamfuta tana faɗar da bireka a gida: ina laifin yake?

Tambaya: Ina da kwamfutar tebur a ɗaki. Sau da yawa in na kunna soket ɗinta, ko aka dawo da wuta tana jone, sai bireka ta faɗi a akwatin rarraba wuta, ɗakuna biyu su yi duhu. In na ɗaga ta, wani lokacin ta zauna lafiya har dare, wani lokacin kuma ta sake faɗuwa bayan an jima. Wani ya ce in cire mai amfiya 16 da ke wurin in sa mai 32. Kwamfutar ce ta lalace, ko birekar ce ta yi kaɗan?

Amsa: Malam, bar mai 32 ɗin nan a shago tukuna. Ba don kwamfuta aka sa bireka ba, don wayar da ke binne cikin bango aka sa ta. Wayar soket mai kauri 2.5 da aka zura a bututu, abin da take ɗauka bai wuce amfiya 20 zuwa 24 ba, mai 1.5 kuwa 15 zuwa 17 ne iyakarta. In ka ɗora mata bireka mai 32, wayar ce za ta riga yin zafi, robarta ta narke a inda ido ba ya gani, birekar tana nan tsaye ƙyam. Wayarin ɗin zobe irin na Ingila kaɗai ake sa wa 32 a kan waya 2.5, wato wanda wayar ke fita daga akwati ta zagaye soket-soket ta dawo kan birekar da ta fito. Tunda 16 ka tarar, da wuya naka ya zama zobe.

Lissafi ma bai goyi bayan mai shawarar ba. Wutarmu bolt 230 ce, don haka bireka mai 16 tana ɗaukar wat 3,680. Kwamfutar ofis da allonta ba sa wuce wat 100 zuwa 200, ko amfiya ɗaya bai cika ba. Babba mai katin hoto, irin ta masu haɗa bidiyo da masu wasa, in ta yi wuta ta kai wat 500 ko 600, amfiya biyu da rabi ke nan. Lambar da ke jikin fawa-fak, wato akwatin da wayar wuta ke shiga a bayan kwamfuta, a ce 650W, iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da yake sha kullum ba. Saboda haka kwamfuta mai lafiya ita kaɗai ba ta cika bireka mai 16. In ka karanta bayanan mutanen Amurka ka ga suna kukan kwamfuta ta cika musu layi, tasu wutar bolt 120 ce, birekarsu mai 15 wat 1,800 kawai take ɗauka, rabin tamu.

Abu biyu ne za su nuna maka bakin zaren: wace ce ta faɗi, kuma a wane lokaci.

Duk abin da ke da hannu a cikin akwatin nan bireka muke ce masa, alhali iri biyu ne masu aiki daban. Siririyar, wadda aka rubuta wa B16 ko C16 ko C20 a goshi, ita ce MCB, yawan wutar da ke wucewa take aunawa. Mai faɗin, wadda ke da ɗan maɓallin gwaji mai harafin T kuma aka rubuta mata 30mA ko 0.03A, ita ce RCD, wadda masu wayarin da yawa ke kira ELCB. Ita babu ruwanta da nauyi. Kwatanta wutar da ta fita ta layif take yi da wadda ta dawo ta nutural, in ta ga giɓi ta san wuta tana zurarewa ƙasa ko jikin mutum, sai ta yanke. Lambar 40A ko 63A da ke jikinta ƙarfin da za ta iya jurewa ne kawai. Akwai kuma RCBO da ta haɗa aikin biyu a jiki ɗaya, ita ma da maɓallin T za ka gane ta. Yadda ka ce ɗakuna biyu kaɗai ke mutuwa, ya fi kama da MCB, domin RCD a yawancin gidaje in ta faɗi gidan gaba ɗaya ko rabinsa ke tafiya. Amma je ka duba da idonka.

A cikin MCB akwai tarko biyu. Na farko ɗan ƙarfe ne mai lanƙwashewa in ya yi zafi, shi ke kama nauyin da ya wuce kima, kuma ba ya gaggawa. A ƙa'idar ƙera su, mai 16 za ta jure amfiya 18 na tsawon awa guda ba ta faɗi ba, amma a kan 23 dole ta faɗi kafin awa ta cika. Na biyu maganaɗisu ne mai fizge hannun nan take in wuta mai yawa ta zo a lokaci guda. Harafin da ke gaban lambar shi ke faɗin inda yake kamawa: B daga ninki 3 zuwa 5, C daga 5 zuwa 10, D daga 10 zuwa 20. Wato B16 tana iya faɗuwa nan take daga amfiya 48, kuma ba makawa a 80, C16 kuwa daga 80 zuwa 160. B6 da ake sa wa fitilu, 18 zuwa 30 ya ishe ta.

Faɗuwar da take yi daidai lokacin da ka taɓa makunnin soket, ko lokacin da aka dawo da wuta, aikin maganaɗisun ne, kuma dalilinsa yana cikin fawa-fak. A ƙofar shigar wuta akwai wata babbar kafasita, wato ma'ajiyar wuta, mai ƙarfin mikrofarad ɗari uku zuwa ɗari shida da wani abu, wadda ake cika ta da bolt 325, a sababbin fawa-fak ma ana ɗaga ta zuwa kusan 400. In babu komai a cikinta, a ɗan lokacin farko zuƙar wuta take yi kamar an haɗa layif da nutural. Zuƙar ba ta wuce kaso kaɗan cikin dubu na daƙiƙa, amma tana kai amfiya 30, 50, a wasu ma kusan 100. Dalilin da ya sa yau ta faɗi gobe ta ƙi kuwa shi ne wutar gida hawa da sauka take yi, tana taɓa ƙololuwa sau ɗari a daƙiƙa. In hannunka ya dace da lokacin da take ƙasa, shiru kake ji. In ya dace da ƙololuwa, bireka ta faɗi. Sa'a ce kawai.

Masu ƙera fawa-fak sun san da wannan, shi ya sa suke sa wani ɗan faifai baƙi ko kore mai suna NTC a kan hanya. Yana sanyi yana tare wuta, in ya ɗumama sai ya sake ta. Matsalarsa ita ce sai ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ya huce. In aka ɗauke wuta aka maido cikin daƙiƙa biyar, ko aka juya canjoba daga janareta zuwa NEPA da sauri, kafasita ta riga ta zube, shi kuwa yana nan da zafinsa, babu mai tare komai. Fawa-fak masu kyau suna da rilé, wani makunni mai sarrafa kansa, da ke tsallake shi da zarar an tashi don ya samu ya huce. Masu arha ba su da shi, wasu ma ɗan guntun waya ne a gurbin NTC ɗin. Ƙara da cewa lokacin da wuta ta dawo ba kwamfuta kaɗai ke zuƙa ba. Allo, firinta, UPS, sitabilaiza mai taransifoma, talabijin da firjin ɗaya ɗakin, duka a daƙiƙa ɗaya suke tashi a kan bireka ɗaya.

Maganin wannan ba shi da tsada. Da an ɗauke wuta ka kashe soket ɗin, in ta dawo ka ba ta minti biyu, sannan ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta, allo, firinta a ƙarshe. In ba kullum kake gida ba, sa na'urar kariya mai jinkiri irin wadda ake sa wa firji, mai jira kafin ta saki wuta, ko ka danna maɓallin jinkirin da ke jikin sitabilaiza in tana da shi. In B ce birekarka, ana iya mayar da ita C mai lamba ɗaya, B16 zuwa C16, amma sai mai wayarin ya auna layin. C16 tana buƙatar amfiya 160 kafin a tabbatar za ta yanke nan take, wato jimillar turjiyar layin zuwa ƙasa kada ta wuce om 1.4, alhali B16 tana aiki har kusan 2.8. A layi mai tsawo ko mai siririyar waya, canjin yana iya rage maka kariya. In kuwa ka duba ka ga C16 ce tun asali, kuma kwamfuta ɗaya tal ke kayar da ita, to zuƙar ta wuce ta lafiya. Zargi fawa-fak ɗin, ko birekar kanta.

Ɗaya faɗuwar da ka ambata, ta bayan an jima, labarinta daban. Wannan zafi ne, kuma sau tari kwamfuta tsautsayi ne ya sa ta zama ta ƙarshen shiga. Ka lissafa abin da ke kan ɗakunan biyu. Dutsen guga mai wat 1,200 amfiya 5 ne da ɗoriya. Hita ko butar lantarki mai wat 2,000 kusan 9. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi 5 zuwa 6. Firji kamar 1, babbar kwamfuta da allo 2. Ka ga an haura 22, minti ashirin ko arba'in sai ta sauka. Firintar leza ma ba ƙanwar lasa ba ce, domin tana da hita a ciki mai narkar da garin tawada, tana fizgar wat ɗari biyar zuwa dubu duk sanda za ta buga. Alamar wannan nau'in ita ce in ka ɗaga hannun nan take ba ya zama, sai birekar ta huce.

Abubuwa uku suna sa ta faɗi ko nauyin bai kai haka ba. Na farko raunin wuta. Fawa-fak da sitabilaiza ba kamar ƙwan fitila ba ne da zai dushe ya haƙura, wat ɗin da suke so sai sun cike shi, in bolt ya sauka sai su ƙara jan amfiya. Wat 500 a kan 230 amfiya 2.2 ne, a kan 160 ya zama 3.1, haka kuma kowace na'ura da ke bayan sitabilaiza. Na biyu zafin gari. Birekun gida a kan digiri 30 ake saita su, akwatin ƙarfe kuwa a jikin bangon da rana ke duka a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yana wuce 40 nesa ba kusa ba, sai mai 16 ta koma kamar mai 15 ko ƙasa. Na uku, wanda ya fi haɗari, sukurun da ya saki a bakin bireka. Wayar da ba ta ɗauru ba tana yin zafi, zafin ya shiga jikin birekar ya yaudari ɗan ƙarfen nan. Taɓa fuskarta da bayan hannu bayan an yi awa ana aiki. In ta fi maƙwabtanta zafi sosai, ko robar ta yi ruwan ƙasa, ko kana jin ƙauri, kashe babban makunni ka kira mai gyara. Jabun bireka ma sun cika kasuwa, kuma ko ta gaske ce, in ta sha faɗuwa a kan gajeren haɗi, wato layif ta taɓa nutural ko wayar ƙasa kai tsaye, bakinta yana cinyewa.

Idan kuwa ka je ka tarar mai maɓallin T ce ke faɗuwa, ajiye lissafin wat gefe. RCD mai 30mA tana yankewa a ko'ina tsakanin miliamfiya 15 da 30 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). Kowace kwamfuta tana da ƙananan kafasitoci masu tace hayaniyar wuta, da aka haɗa daga layif da nutural zuwa jikin ƙarfenta, kuma ta cikinsu wuta kaɗan tana zurarewa ƙasa ko da lafiyarta ƙalau, kamar miliamfiya ɗaya ko biyu, iyakar da aka yarda wa irin waɗannan na'urori 3.5. Guda ɗaya ba ta kayar da RCD. Amma in gidan gaba ɗaya a kan RCD ɗaya yake, firji ya kawo nasa, hitar wanka ta kawo nata, inbata da UPS da talabijin su ƙara, ana iya zama a kan 12 ko 13 kullum, kwamfuta ta shigo ta cika mudu. Shi ya sa ƙa'idar wayarin ta Ingila ta ce zurarewar yau da kullum kada ta wuce kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin RCD, miliamfiya 9 ke nan. Gyaran shi ne a raba layukan, a ba layin kwamfuta RCBO tasa.

Kafin a kai ga haka, duba istenshan. Masu kariyar tsawa suna da wani faifai a ciki mai suna MOV, wanda duk bugun wuta da ya sha yana rage masa ƙarfi, har ya fara zurar da wuta da kansa. Cire shi ka jona kai tsaye a bango, sau da yawa nan maganar take ƙarewa. Sai laima a soket ɗin bangon da ke jiƙa da damina, sai ƙurar hunturu da ta taru cikin fawa-fak ta sha danshi, sai kyankyaso ko tsaka da ta shiga ta mutu a kan allon wuta. Wanda ya fi wahalar ganowa shi ne nutural ta taɓa wayar ƙasa a wani soket ko fitila can daban. A nan kowace na'ura ka kunna tana iya kayar da RCD, domin wani kaso na wutar da ke dawowa yana bin wayar ƙasa. Haka yake faruwa in an ari nutural daga wani layi, ko canjoba tana yanke layif kaɗai ta bar nutural ɗin janareta ko inbata a haɗe da ta NEPA.

Wasu in sun gaji sai su karya dogon ƙarfen filogi, ko su cire wayar ƙasa, ko su tsallake RCD da waya. Faɗuwar za ta tsaya, amma in babu wayar ƙasa jikin kwamfutar zai riƙa ɗaukar kusan rabin wutar gida ta cikin kafasitocin nan, bolt ɗari da 'yan kai. Shi ne ɗan jan da ake ji in an taɓa bayan kwamfuta ba takalmi a gidajen da ba su da wayar ƙasa. Wannan ɗan jan ba ya kisa, amma ranar da layif ta taɓa jikin ƙarfen da gaske, babu abin da zai yanke wutar kafin a taɓa, mutumin da ya taɓa shi ne hanyarta zuwa ƙasa.

Ga yadda za ka ware mai laifi ba tare da ka buɗe komai ba. Zare duk abin da ke jone a ɗakunan biyu, zarewa daga soket, ba kashe makunni kaɗai ba, don makunni da yawa layif kawai suke yankewa. Ɗaga bireka. In ta faɗi babu komai a kanta, laifin wayarin ne ko birekar, kwamfuta ta fita. In ta zauna, jona dutsen guga a soket ɗin kwamfutar na minti biyar. Ya ninka kwamfuta shan wuta, in ya yi aiki lafiya to soket da layin suna ɗaukar nauyi. Sai ka jona wayar kwamfutar ita kaɗai, ɗaya bakin a sake. Sai ka sa ta a fawa-fak, makunnin bayansa yana kan 0. Sai ka mayar da shi 1. Sai ka danna maɓallin tashi. Bayan nan allo, firinta, UPS, kowanne da tazarar minti guda. Matakin da ta faɗi a kai shi ne amsarka: a kan waya kaɗai, wayar ce ko filogi, a kan 1, ƙofar fawa-fak ce, sai an fara aiki mai nauyi, fawa-fak ne ke gazawa ko layin ya cika. Daga nan kai kwamfutar wani ɗaki da ke kan wata bireka daban. In matsalar ta bi ta, tata ce. In ta tsaya a ɗakin farko, ta gidan ce.

In faɗuwar kowane lokaci ce, nan take, da ƙara ko tartsatsi ko ƙauri, wannan gajeren haɗi ne, kada ka ɗaga fiye da sau biyu, kuma danne hannun sama ba ya hana ta yankewa daga ciki. Fara da wayar, ita ce mafi arha, ari ta wani allo ka gwada. Buɗe filogin ka ga ko wani silin waya ya tsere ya taɓa maƙwabcinsa, ka kuma tabbatar akwai fiyus na gaske a ciki, mai amfiya 5 ya ishi yawancin kwamfutoci, ba waya aka naɗa ba. In kana da mita, zare wayar daga bango da kwamfuta ka auna tsakanin ƙarafan uku, bai kamata kowane biyu su nuna haɗi ba. Tsofaffin kwamfutocin tokumbo da suka fito daga Amurka kuma ka duba bayansu, wasu suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. In yana kan 115 aka jona a wutarmu, fashewa ce nan take, fawa-fak ya tafi.

Fawa-fak da ya nuna laifi canja shi ake yi, kada ka kwance shi. Babbar kafasitar tana riƙe bolt ɗari uku da wani abu bayan an zare waya, wani lokaci na mintoci. Sayi mai suna wanda ƙarfinsa ya ɗara bukatarka da kamar kashi 30 cikin ɗari, kuma ka ɗaga shi a hannu, na jabu ba shi da nauyi. In kwamfutar kamfani ce irin HP ko Dell, da yawansu bakin wayoyinsu daban ne, sai ka nemi nasu da lambar da ke jikin tsohon.

Abin da ya shafi cikin akwatin rarraba wuta na mai wayarin ne, domin ko ka kashe babban makunni, wayoyin da ke shigowa ta samansa suna da wuta. Ka ce ya zo da mita mai baki ya auna amfiyar layin lokacin da komai ke kunne, ya kama layif da nutural tare da mitar zurarewa ya ga miliamfiya nawa ke ɓacewa, ya gwada rufin wayoyin da mega, na'urar wannan gwajin, a kan bolt 500, inda bai kamata a samu ƙasa da megom ɗaya ba. Kafin ya danna megar ka tabbatar an zare kwamfuta da duk kayan lantarki, in ba haka ba gwajin da kansa zai ƙona su. Ya ɗaure sukurori, ya kuma duba ainihin kaurin wayar, don ana sayar da wadda aka rubuta wa 2.5 alhali cikinta bai kai ba, ko alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. In nauyi ne ya yi yawa, a ja wa kwamfutar layinta daga akwati da waya 2.5 da bireka mai 16, ko a mayar da hita da na'urar sanyaya ɗaki nasu layin.

Kafin a gama gyaran, sa UPS tsakanin bango da kwamfutar, domin kowace faɗuwa yankewar wuta ce ba shiri, tana lalata fayil ɗin da ake rubutawa, tana kuma gajarta ran faifan ajiya mai juyawa, wato hard disk. Mai 650VA abin da yake bayarwa bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, ya ishi kwamfutar ofis da allo, babba kuwa sai mai 1,200VA ko 1,500VA. Firintar leza kada ta hau kansa, a bango kai tsaye ake jona ta.